Yadda Ake Gina Ɗakin Kaji da Filin Shawagi a Bayan Gida

Yawancin akurkin da ake ginawa a gidajenmu toshe su ake yi ruf, wai don kada sanyi ya kama kaji. Alhali babbar kaza ta fi jure sanyi a kan zafi, domin ba ta yin gumi. Da haki take rage zafin jikinta. Abin da ke kashe kaji a ɗaki shi ne zafi, laima da ƙarancin iska, sai kuma ɓarayin dare irin su muzuru da gafiya. Awon da ke ƙasa na kaji 12 ne, na gida ko Noiler ko masu ƙwai irin Shika Brown. Idan kajinka sun fi haka, lissafa wa kowace kaza murabba'in ƙafa 4 a ɗaki da ƙafa 10 a fili.

Fara da zaɓen wuri. Nemi tudu inda ruwa ba ya kwanciya da damina, nesa da rijiya da madafa. Auna ɗaki ƙafa 8 a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, ka sa tsawon ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Dalili kuwa, gajerun bangaye biyu za a gine su har sama, su tare hasken rana na hantsi da na la'asar, na gabas kuma ya tare hadari, tunda daga can ruwan iska ya fi zuwa mana. Dogayen ɓangarorin kudu da arewa su ne na waya, iska ta shiga nan ta fita can. Filin shawagi mai ƙafa 8 da 15 ya zauna a kudu, don ɗakin ya kare shi daga iskar hunturu.

Kayan aiki: bulo mai inci 6 kamar 120, siminti buhu 5, yashi da tsakuwa, kwanon rufi mai ƙafa 6 falle 12 zuwa 14, katako 2x4 na ginshiƙai da 2x2 na firam, waya mai ramin rabin inci, ƙusa, hinji, sakata da kwaɗo. Tubalin ƙasa ma yana yi, amma fa sai an shafe shi da siminti, domin a cikin tsagar bango ƙuma da kaska ke ɓuya da rana su fito shan jini da dare.

Haƙa tushe mai zurfin ƙafa ɗaya, ka jera bulo layi ɗaya a ciki, sannan layi biyu a sama a ɓangaren kudu da arewa. Kada ka wuce layi biyu. Idan bango ya yi tsawo, iska za ta riƙa wucewa ta saman kaji, warin kashi kuma ya taru a ƙasa inda suke numfashi. Bar gurbin ƙofa mai faɗin ƙafa biyu da rabi a kudu.

Cika ciki da jar ƙasa, ka daddaɓe har daɓen ya ɗara ƙasan waje da inci 6, sannan ka zuba kankare mai kaurin inci 2: siminti buhu ɗaya, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, da kwanon leburori. Karkatar da shi kaɗan zuwa ƙofa saboda ranar wanki, kuma a yi ta yayyafa masa ruwa har kwana bakwai. Wasu na tsallake wannan mataki don tsimi, sai gafiya ta haƙo rami ta ƙasa ta kwashe ƙwai da 'yan tsaki.

Kowane katako a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai, musamman gindin da zai shiga ƙasa, a bar shi ya bushe sosai kafin a kafa. Rufi ya zama mai gangare ɗaya: ƙafa 7 a kudu, ƙafa 6 a arewa, don ruwa ya zuba bayan ɗaki, ba cikin fili ba. Bari kwanon ya leƙo ƙafa 2 ta kowane gefe, in ba haka ba feshin ruwa zai jiƙa shimfiɗa ta cikin waya. Kwano tsirara a watan Afrilu tanda ne. Shimfiɗa zana ko ciyawa a kansa, ka ɗaure da waya.

Batun waya shi ne inda aka fi yin asara. Siririyar wayar kaji mai manyan ramuka tana tsare kaza kada ta fita, amma ba ta hana ɓera da ƙaramin maciji shiga, kare kuma yana iya yaga ta. A ɗakin kwana sa mai ramin rabin inci, ka danne gefenta da siririn katako maimakon lanƙwasa ƙusa kawai, wadda ke saki bayan 'yan watanni. Duba tsakanin saman bango da kwano, inda lanƙwasar kwano ke barin ƙofofi. Toshe su da siminti ko guntun waya. Duk ramin da babban yatsanka ya shige, ɓera zai gwada shi.

A fili, kafa ginshiƙai masu ƙafa 8, tazarar ƙafa 5 tsakaninsu, ƙafa 2 a cikin ƙasa. Binne gindin wayar ƙafa ɗaya, ko ka kwantar da shi waje ka danne da duwatsu, don mai haƙa ya ci karo da ƙarfe. Rufe sama da raga saboda shaho da shirwa, rabi kuma da zana don inuwa.

Sai cikin ɗaki. Sandar kwana katakon 2x2 ce da aka goge kaifinta, tsayin ƙafa 2 daga ƙasa, nisan inci 15 daga bango. Kowace kaza na buƙatar inci 10, wato sanduna biyu masu ƙafa 6 sun isa, kuma a daidaita tsayinsu, in ba haka ba kowa zai yi rububin ta sama. Akwatin ƙwai uku sun wadatar, kowanne ƙafa ɗaya ta ko'ina, a kusurwa mai duhu. Tsohuwar tukunyar ƙasa da aka kwantar ma tana yi. Sa su ƙasa da sandar kwana, domin kaza wuri mafi tsawo take nema ta kwana, kuma idan akwatin ne za ka riƙa tsintar ƙwai cikin kashi.

Shimfiɗa kankararren katako ko buntun shinkafa kaurin inci 3. Guji garin katako mai laushi, yana ƙura kuma 'yan tsaki na cinye shi. Damƙi shimfiɗar a hannu lokaci-lokaci: idan ta dunƙule ta jiƙe, a kwashe, domin a nan cutar kashin jini ke yaɗuwa. Rataye mazubin abinci da na ruwa daidai da bayan kaza. A wata kusurwar fili da ruwa ba ya taɓawa, aje tsohuwar taya cike da yashi da toka don su yi birgima.

Ɗinka labulen buhu a ɓangaren arewa, a sauke shi da daren hunturu, a naɗe da safe, amma a bar taƙi ɗaya a buɗe daga sama. Shafe bango da farar ƙasa, ka ba ɗakin mako guda ya bushe kafin kaji su shiga. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran, kuma kafin hunturu ya kama a nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafin cutar Newcastle, wato annobar nan mai kashe kaji. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato na yin irin wanda ake ɗigawa a ido. A kwana uku na farko kulle su a ɗaki da abinci da ruwa, bayan nan da kansu za su riƙa komawa da magariba, kai dai ka tura sakata.