Yadda za ka riƙe izinin shigar da gyara a manhajar buɗaɗɗen tushe

Cikin matasan da ke rubuta manhaja a Jos, daga ɗaliban jami'a da ke zaune a Unguwar Rogo zuwa masu aiki daga gida a Bukuru da Rayfield, akwai waɗanda suka daɗe suna aika gudummawa ga manhajojin buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kod ɗinsu yake a fili, kowa zai iya karanta shi ya kawo gyara. Wasu kod suke gyarawa, wasu fassara suke yi zuwa Hausa. Wanda ya dage, wata rana masu kula da aikin za su aiko masa da saƙo cewa sun ba shi izinin shigar da gyara kai tsaye cikin ma'ajiyar aikin, wurin da ake adana kod ɗinsa. Daga ranar nan, abin da ya tura zai iya kaiwa kwamfutocin mutanen da bai taɓa gani ba. Kamar yaron shago ne da maigida ya miƙa wa makulli: kayan ba su zama nasa ba, amma in an wayi gari wani abu ya salwanta, shi za a fara tambaya.

Idan kai ne aka ba wannan amana, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi da ita.

Mataki na 1: Kulle asusunka kafin ka taɓa komai

Jiya wanda ya saci asusunka kai kaɗai ya cuta. Yau zai iya cutar duk mai amfani da manhajar. Don haka ka kunna tantancewa mai hawa biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri kafin a shiga, a ranar da saƙon ya iso. GitHub, dandalin da ake ajiye ma'ajiyar irin waɗannan ayyuka, ta daina karɓar kalmar sirri wajen tura gyara tun watan Agustan 2021, kuma a 2023 ta fara wajabta wa masu ba da gudummawa wannan tantancewar. Ka zaɓi manhajar waya mai fitar da lambobi maimakon saƙon tes, domin mun san yadda waya ke ɓata a cikin keke ko kasuwa, da yadda wani kan yi wa layin da ba nasa ba walkam-bak. Lambobin ceto da za a ba ka, ka rubuta su a takarda ka adana tare da takardun makarantarka.

Sai makullin SSH, makullin dijital da kwamfutarka ke shaida kanta da shi idan za ka tura gyara. Ka ƙirƙiri sabo da `ssh-keygen -t ed25519`, ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi. Idan kwamfutarka ta haɗin gwiwa ce da ƙanenka ko abokin ɗakinka, kowa ya sami nasa asusun a kanta. Ranar da za ka kai ta wajen mai gyara a Terminus, ka cire makullin daga asusunka tukuna, in ta dawo ka ƙirƙiri wani. Wannan ba zargin kowa ba ne, aikin minti biyu ne.

Ka kuma koyi sa hannu a gyaranka da `git commit -S`. Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, yana barin kowa ya rubuta sunan da ya ga dama a matsayin marubucin gyara. A watan Maris na 2021 an cusa miyagun gyare-gyare biyu a ma'ajiyar harshen rubuta manhaja na PHP da sunayen masu kula da shi biyu, Rasmus Lerdorf da Nikita Popov, alhali ba su ne suka rubuta ba. Sa hannu na dijital ne ke nuna cewa kai ɗin ne da gaske.

Mataki na 2: San iyakarka

Kowane aiki da al'adarsa. Ka sake karanta fayil ɗin CONTRIBUTING ko da ka taɓa karantawa, ka duba CODEOWNERS ko MAINTAINERS don ka ga wa ke riƙe da wane sashe. A ayyukan gidauniyar Apache, wasu suna bari a shigar da gyara sannan a yi bita, wasu kuma sai an yi bita kafin a shigar, kuma wanda ya kaɗa ƙuri'ar -1, wato ƙin amincewa, a kan gyaran kod dole ya kawo hujjar fasaha. A FreeBSD kuwa, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, sabon shiga yana da jagora, ba ya shigar da komai sai jagoran ya amince, har ranar da aka sallame shi. Ina matuƙar son wannan tsari. Idan aikinka ba shi da shi, ka roƙi ɗaya daga cikin na gaba da kai ya zame maka jagora na ɗan lokaci.

Na'ura ba ta san iyakar da aka yi maka ba. Mai yiwuwa saboda fassarar Hausa aka ba ka izinin, amma ƙofar da aka buɗe ta kai ko'ina cikin ma'ajiyar. Ka tsaya a kan fayilolin fassararka, ka tabbata ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sun zauna daidai cikin tsarin adana haruffa na UTF-8. In ka hango kuskure a sashen wani, ka sanar da mai sashen ko ka aika masa da gyaran ya duba.

Mataki na 3: Ci gaba da miƙa aikinka a duba

Nan ne sabbin shiga suka fi tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Samun izini bai ɗauke maka bita ba. Ka ci gaba da buɗe reshe na daban ga kowane aiki, wato wurin da za ka yi gyaranka a gefe, ka aika buƙatar a haɗe shi da babban reshe kamar yadda ka saba, ka jira wani ya duba. Gyaran da ya fi ɓata aiki shi ne wanda mai shi ya ce ai layi ɗaya ne, ba sai an damu kowa ba. Idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa, komai ƙwarewar mai shi.

Kowane gyara ya ɗauki abu guda. Kada ka haɗa maganin wata matsala da sauya sunayen fayiloli da gyaran sarari duk a dunƙule ɗaya. Dalilin a bayyane yake: akwai umarnin `git bisect` da ke bin tarihi yana raba shi biyu-biyu har ya kama gyaran da ya jawo matsala. Idan gyaran da ya kama ya taɓa fayil arba'in, mai bincike bai tsira da komai ba. Bayanin da za ka rubuta kuma, layin farko ya zama gajere, an fi son kusan haruffa 50, sai ka bar layi ɗaya fanko, sannan ka bayyana dalili. Kod ɗin da kansa zai nuna abin da ka sauya. Abin da ya sa ka sauya shi kuwa, in ba ka rubuta ba, bayan shekara biyu ko kai ba za ka tuna ba.

Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git a 2005 ta yadda kowa ke da cikakken tarihin aiki a kwamfutarsa, kuma wannan ya yi mana daidai a nan. Za ka iya yin aikinka, ka adana shi da `git commit` ba tare da intanet ba. Turawa ce kawai ke buƙatar data. Kafin ka tura, ka jawo abin da wasu suka shigar, ka sake gudanar da gwaje-gwaje a kan sabon.

Lokacin shigarwa ma abin lura ne. Kada ka haɗa babban gyara alhali batirinka ya kusa mutuwa kuma babu wuta, ko datarka ta kusa ƙarewa, ko ana saura minti ashirin ka fita masallacin Juma'a. Wanda ya shigar da gyara ya kamata ya kasance a kusa na wasu sa'o'i, ko wani abu zai karye. Sannan ka tuna cewa lokacin da kake karin kumallo a Jos, abokan aikinka na Amurka barci suke yi. Shirunsu ba amincewa ba ne. Shi ya sa a Apache aka saba barin ƙuri'a a buɗe na aƙalla sa'o'i 72, don kowa ya samu ya gani.

Mataki na 4: Idan ka karya wani abu

Za ka karya, kowa yana yi. Ka sanar nan take, ka mayar da gyaran da `git revert`, wanda ke warware shi ba tare da goge tarihi ba, sannan ka zauna ka nemi sanadi a tsanake. Kada ka kuskura ka yi `git push --force` a babban reshe don ɓoye abin da ya faru, domin zai rikita ma'ajiyar duk wanda ya riga ya jawo. Idan kuma wata kalmar sirri ce ko makulli ka tura bisa kuskure, share fayil ɗin bai wadatar ba. Ka ɗauka an riga an gani, a soke ta a sauya wata.

Mataki na 5: Aikin wasu a hannunka

Yanzu kai ma ƙofa ne. Duk abin da ka shigar na wani, ka ɗauki rabin nauyinsa, don haka kada ka amince da abin da ba ka karanta ba ko ba ka gane ba. Ka duba asalin kod ɗin: wanda aka kwaso daga aiki mai lasisin GPL ba a zuba shi haka kawai cikin aiki mai lasisin MIT, domin sharuɗɗan lasisin biyu ba ɗaya ba ne. Idan aikin yana buƙatar layin Signed-off-by, shaidar marubuci cewa yana da ikon miƙa kod ɗin, wanda masu Linux suka fara amfani da shi a 2004, ka tabbata yana nan. Ka bar sunan marubuci a kan aikinsa ko da ka yi masa kwaskwarima. Sabon shiga da ya aiko da abu mai kuskure kuma, ka gode masa, ka nuna masa wurin da sauƙin harshe. Da yawa daga cikinmu Turancin ma da ƙyar muka fara rubuta shi a irin waɗannan wurare.

Akwai jarrabawar da ta fi wannan wuya a wurinmu, ita ce kunya. Abokin karatunka zai kira ka ya ce, "Haba mutumina, tunda kai ne a wurin, ka shigar mini mana, ina so in sa a takardar neman aiki." Ka taimake shi ya inganta aikin, ka zauna da shi in ya kama, amma ka bar wani ya yi bitar ƙarshe. Ka gaya masa haka tun farko, zumuncinku zai fi daɗewa.

Matsin lamba daga baƙi kuwa ya fi haɗari. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aika gyara mai kyau ga xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Wasu asusun suka riƙa takura wa mai kula da ita, Lasse Collin, cewa aiki ba ya sauri, har aka ba Jia Tan iko. Daga nan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a siga ta 5.6.0 da 5.6.1, ya ɓoye ta cikin fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa. Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, shi ya bankaɗo ta a ƙarshen Maris na 2024, bayan ya lura shiga ta SSH tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Don haka duk wanda ya matsa maka da gaggawa, ka ƙara rage sauri. Fayil ɗin da ba za ka iya karantawa ba, ka tambayi yadda aka samar da shi. Idan kuma wani ya kawo maka rahoton ɓarakar tsaro, kada ka tattauna shi a fili, ka bi hanyar sirri da fayil ɗin SECURITY ya tanada.

Mataki na 6: Ranar da ba ka da lokaci

Bautar ƙasa za ta zo, ko sabon aiki a Abuja, ko hidimar iyali. Ka faɗa wa abokan aikinka a sarari cewa za ka yi nisa, ka miƙa abin da ke hannunka, ka nemi a dakatar da izininka har ka dawo. Asusun da ke da iko amma mai shi ba ya leƙawa, shi ɓarayi ke nema. Kuma kada ka miƙa ikon ga wanda ka ga dama kai kaɗai. A 2018 mai kula da event-stream, wani ƙunshin JavaScript da ake amfani da shi sosai, ya miƙa shi ga wani baƙo da ya nuna sha'awar taimakawa, baƙon kuma ya cusa kod mai neman satar kuɗi daga jakar bitcoin ta Copay. Idan kana da wanda kake ganin ya cancanta, ka gabatar da sunansa da ayyukan da ya yi ga sauran masu kula da aikin, su yanke shawarar tare da kai.