Yadda Za Ka Tantance Sunan Aiki da Fayil ɗin WSDL a PHP

Masu haɗa manhaja da sabar banki ko ta wata hukuma a Abuja sun san wannan matsalar: ka kira aiki (operation) daga sabar, manhajar ta ce ba ta san shi ba. Dalili shi ne SoapClient, kayan aikin PHP na tura saƙo zuwa irin wannan sabis, yana duba sunan a cikin WSDL, wato fayil ɗin XML da ke bayyana ayyukan sabis ɗin, tun kafin saƙo ya bar kwamfutarka.

1. Buɗe adireshin sabis ɗin a burauza, ka ƙara ?wsdl a ƙarshensa. Nemi sashen portType, a nan aka jera kowane operation da sunansa.

2. Duba sashen binding, inda aka bayyana yadda za a tura saƙon kowane aiki. Aikin da ke portType amma babu shi a binding ba zai kiru ba.

3. Ƙirƙiri SoapClient da adireshin, ka kira __getFunctions(), wanda zai jero maka ayyukan da ya gani. Kwafi sunan daga abin da ya fito, kada ka rubuta da ka. A XML, GetBalance daban, getBalance daban.

4. Idan sunan yana cikin WSDL amma har yanzu ana ƙin sa, mai yiwuwa tsohon kwafin WSDL ne ke cin ka. PHP yana ajiye WSDL na daƙiƙa 86400, kwana guda ke nan. Masu sabis su ƙara sabon aiki a WSDL da safe, kai kana Wuse kana fama da fayil ɗin jiya. Sa zaɓin cache_wsdl na SoapClient ya zama WSDL_CACHE_NONE lokacin gwaji, ko ka goge fayilolin wsdl- da ke /tmp.

5. In saƙo ya tafi sabar ta mayar da kuskure, kunna zaɓin trace na SoapClient don ya riƙe saƙon da ya tura, ka duba SOAPAction, layin kan saƙo da ke nuna aikin da ake nema, da __getLastRequestHeaders().