Yadda za a taimaki ƙwayoyin jiki su kare kansu daga tsatsar oksijin

Kusan kowace irin ƙwayar halitta da ke jikin mutum tana ƙona abinci da iskar oksijin domin ta samu ƙarfi, kuma a wajen wannan ƙonawa akan samu burbushin sinadarai masu cin bangon ƙwayar da furotin ɗinta, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi da damina. Mai son rage wannan ɓarna, ko a unguwar Aboabo yake ko a Asawase cikin Kumasi, ya fara sanin cewa ƙwayar tana da nata tsarin kariya. Abin da ke wuyansa shi ne ya rage mata kaya, ya kuma ba ta kayan aiki.

Ginshiƙin tsarin wani furotin ne mai suna Nrf2, wanda aka gano a 1994. A lokacin zaman lafiya, wani furotin da ake kira Keap1, wanda masana a Japan suka bayyana a 1999, yana riƙe Nrf2 yana miƙa shi a rushe, har rabinsa kan ƙare cikin kimanin minti 20. Idan burbushin nan ya yi yawa ya taɓa Keap1, sai rushewar ta tsaya, Nrf2 ya taru ya shiga cibiyar ƙwayar, ya tayar da ƙwayoyin gado masu haɗa gulutatayon da sauran sinadaran da ke kashe kaifin burbushin. Da ƙura ta lafa, Keap1 ya koma bakin aikinsa.

Mataki na farko shi ne rage hayaƙi. A fitar da murhun gawayi tsakar gida, a nisanci taba, kuma a daina maimaita suya da man da ya riga ya yi baƙi.

Sai kuma madafa, inda na fi ganin ana asara ba a sani ba. Kabejin da ake sayowa a kasuwar Kejetia yana ɗauke da sinadarai iri biyu da ba sa haɗuwa sai an yanka ganyen ko an tauna shi, kuma haɗuwarsu ce ke samar da dangin salforafen, sinadarin da aka ware daga burokoli a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1992, wanda ke taɓa Keap1 ya saki Nrf2. Zafi mai yawa yana kashe ɗaya daga cikin biyun. Saboda haka a wanke kabejin da kyau, a yanka shi ƙanana, a bar shi ya ɗan jima a faranti, sannan a ci shi ɗanye tare da waakye (shinkafa da wake) ko a turara shi sama-sama. Zogale ma yana da irin wannan sinadari, don haka kada a tafasa shi har ya mutu. A haɗa da ƙwai da wake da kifi, domin daga furotin jiki ke gina gulutatayon, kifi kuma yana ba da seleniyam da aikin ke buƙata. Tafiya da sauri a kai a kai tana tayar da tsarin, domin ɗan burbushin da tsoka ke fitarwa shi ne ke farkar da shi.

Ƙwayoyin ƙarin sinadarai na kanti kuwa, a yi hattara da su. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1994, an bi maza masu shan taba kimanin 29,000 a Finlan, sai aka ga cutar dajin huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka bai wa beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa.

Akwai kuma ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ake gado kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Jajayen ƙwayoyin jinin mai wannan larura ba sa iya sabunta gulutatayon yadda ya kamata, shi ya sa kafur ɗin da ake sawa cikin akwatin tufafi, ko maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin, kan iya fasa su. A nemi gwajin jini a asibiti, a sanar da likita sakamakon kafin ya rubuta magani, kuma a raba kayan jariri da kafur.