Yadda ake jinyar dattijon da aka sauya wa gwiwa har ya koma takawa

Likita kan gama nasa aikin cikin awa ɗaya zuwa biyu. Sauran na gida ne, kuma makonni 6 na farko su ke nuna ko gwiwar za ta yi laushi ko za ta sandare.

Tun kafin a sallamo Baba ko Inna a gyara gida. Zamanmu a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, na ƙasa ne: tabarma, katifa a daɓe, masai na tsuguno. Sabuwar gwiwa ba ta shiri da ko ɗaya. A samo gado mai tsayi da kujera mai hannu, a sa kafinta ya huda kujerar katako a ɗora bisa masai.

Idan a Yawunde aka yi aikin, a lura da dawowa. Jirgin ƙasa zuwa Ngaundere kwana yake a hanya, ga mota a gaba, kuma dogon zama na daskarar da jini a ƙafa. A bar likita ya sa ranar tafiya, a sha maganin tsinka jini yadda ya rubuta, a riƙa motsa idon sawu.

Sai motsa jiki, inda galibi ake yin sake. Masu dubiya za su ce a bar tsoho ya huta, tausayin da ke gurgunta mutum ke nan. A asibiti ma, ranar aikin ko washegari ake tayar da shi ya taka da abin dogarawa. A gida, ya kwanta ya ɗora diddige kan naɗaɗɗen tawul, ya danna gwiwa ƙasa ya ƙirga goma. Kada a kuskura a sa matashi a ƙarƙashin gwiwar, komai daɗinsa, domin ta haka ake rasa miƙewarta. Daga nan ya jawo diddige wajen cinya a hankali ya mayar. Sau uku a yini, kaɗan-kaɗan. In ya sha maganin ciwo rabin awa kafin nan, abin ya fi sauƙi. Bayan an gama a naɗe ƙanƙara a zane a ɗora minti 15 zuwa 20. Ranar ganin kine kuwa, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa jiki, ba a fashinta.

Miki ya zauna a bushe har a cire zare, wajen kwana 10 zuwa 14. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da hannun maɗori. Zazzaɓi, mugunya, kumburin sha-raɓa mai zafi ko sarƙewar numfashi, duk na komawa asibiti ne nan take.

Salla a yi ta a kujera; hadisin Imrana bn Husaini a Buhari ya ba wanda ya kasa tsayuwa damar yi a zaune. Durƙuso na ɗaukar watanni, wasu ma ba ya yi musu daɗi har abada, don haka kada a matsa masa.

Wajen mako na 6 yawanci ana ajiye sanda, amma cikakkiyar warkewa na iya kai shekara. A fara da zagayen tsakar gida, sannan masallacin unguwa, ana ƙara nisa kowane mako. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi tattakin bayan asuba, da gorar ruwa a hannu. Tuƙa keke ma na da kyau. Tsalle da ɗaukar buhu a bar wa jikoki, hawan babur kuma sai likita ya amince.