Yadda Ake Sauraren Faifan CD da Na'urar Tsohuwar Kwamfuta

A shagunan masu gyaran kwamfuta na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ba a rasa tsofaffin na'urorin karanta faifan CD jibge a lungu, alhali da yawansu suna iya kunna faifan karatu ko na waƙa ba tare da kwamfuta ba.

Aikin ya dogara ne kan zaɓe. A nemi irin ta da, mai faffaɗan soket na fil 40 a baya, wadda a gabanta akwai ramin abin sawa a kunne, da ɗan gargare na ƙara murya, da maɓalli biyu: ɗaya na fito da faifai, ɗaya na kunnawa. Idan maɓallin ɗaya ne tak, a bar wa mai shago kayansa, domin babu abin da zai umarce ta ta fara. Sababbi masu siririn soket da ake kira SATA ma ba su da amfani a nan.

Sai batun wuta, inda aka fi yin ɓarna. Soket ɗin wutarta yana da waya huɗu: rawaya tana ɗaukar volt 12, ja volt 5, baƙaƙe biyu na tsakiya kuma su ne na ƙasa, wato negatif. Wanda ya musanya rawaya da ja ya ƙone na'urar nan take. Hanya mafi sauƙi ita ce akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur, irin wanda ake kira ATX: a jona soket ɗinsa mai waya huɗu a bayan na'urar, a haɗa koriyar wayar babban soket da kowace baƙa ta amfani da guntuwar waya, sai fankarsa ta tashi. Kada a buɗe akwatin, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga bango. Mai batirin sola kuwa ya sa na'urar daidaita wuta a layukan biyu, saboda batirin yakan haura volt 14 lokacin caji.

Daga nan a jona lasifika mai amfilifaya a ramin gaba, a rage murya, a saka faifai, a jira ƙaramar fitilar ta daina ƙiftawa, sannan a danna maɓallin kunnawa. A yawancinsu sake dannawa yana tsallakawa zuwa waƙa ta gaba.

Faifan sauti na asali kaɗai take kunnawa, mai cin minti 74 zuwa 80. Na MP3 da ake cikawa a kasuwa zai juya kawai, shiru. Idan ta fara tsalle a lokacin hunturu, yawanci ƙura ce ta hau idon gilashinta, sai a hure ta, a kuma riƙa rufe na'urar da ƙyalle bayan an kashe.