Yadda ake sa folda ɗaya ta bayyana a wuri biyu a Linux

Duk ɗalibin da na zaunar gaban Linux, da ya gane cewa `ln` na ba fayil ɗaya suna biyu, sai ya ce bari ya gwada da folda. Ya buga `ln hotuna hotuna2`, kwamfuta ta ƙi. Ya ƙara `sudo`, ta ƙi. Ya tono `ln -d`, nan ma ƙememe. Kada ka wahalar da kanka, kernel, wato zuciyar Linux, shi da kansa ya hana, ko root, babban asusu mai cikakken iko, bai isa ba.

Hanin yana da dalili. Kowace folda `..` ɗaya gare ta, mai nuna uwarta. In ta sami uwa biyu, wacce zai nuna? Ga kuma haɗarin a cusa folda cikin jikarta, duk manhajar da ke bin foldoji ta yi ta kewaye ba mafita. Apple ya taɓa buɗe wannan ƙofa a HFS+, tsarin ajiye fayiloli na Mac, saboda manhajarsa ta ajiyar kwafi Time Machine a 2007, amma da sabon tsarin APFS ya zo a 2017 aka rufe ta.

To mene ne mafita? Fara da `ln -s /srv/hotuna /home/dalibi/hotuna`, wanda ke ƙirƙirar mahaɗi mai nuna foldar ta asali. Rubuta cikakkiyar hanya tun daga `/`, domin guntuwar hanya ana lissafa ta ne daga inda mahaɗin yake zaune, ba daga inda kai kake tsaye ba. Sau da yawa wannan ya wadatar.

In an kulle mai amfani cikin chroot, wato an tsare shi a folda ɗaya, kamar masu shiga ta SFTP don tura fayiloli, mahaɗin ba zai ga waje ba. Nan sai ka ƙirƙiri folda fanko da `mkdir`, ka buga `sudo mount --bind /srv/hotuna /home/dalibi/hotuna`. Don kada ya ɓace in an sake kunna na'ura, ƙara layi a `/etc/fstab`: hanyoyin biyu, sai `none bind 0 0`.

A nan ni na ƙone. Wata rana ina share tsohon asusu, na buga `rm -rf` a kan foldar gidansa, na manta akwai irin wannan haɗi a ciki. A `ls -l` ba kibiya irin ta mahaɗin `ln -s`, ba wata alama, kamar kowace folda take. Kafin hannuna ya kai Ctrl+C, rabin hotunan asali na `/srv` sun tafi, kuma ba kwandon shara da zan dawo da su. Tun ranar ba na share komai sai na duba `findmnt` in ga ko akwai haɗi, na kwance shi da `umount`, sannan na cire foldar da `rmdir`, wanda ba ya taɓa folda mai kaya a ciki. Kai ma haka za ka yi.

In ajiyar kwafi kake so ba tare da cinye faifai ba, `cp -al` na gina sabbin foldoji ya haɗa fayilolin ciki ɗaya bayan ɗaya, sai dai sabon fayil a gefe guda ba zai fito a ɗayan ba. Masu Windows kuwa, `mklink /J` ne naku.