Yadda Ake Zuwa Lambun Furanni na Keukenhof a Kan Keke

Basakkwacen da hutunsa ya kai shi ƙasar Holand tsakanin ƙarshen Maris da tsakiyar Mayu ya kamata ya ware yini guda domin lambun Keukenhof da ke garin Lisse, wanda aka buɗe wa jama'a a 1950, kuma wajen makonni takwas kaɗai yake karɓar baƙi a shekara. Faɗinsa hekta 32 ne, kuma kowace kaka ana dasa kawunan furanni masu kama da albasa kusan miliyan 7 da hannu. A ganina keke ya fi bas, domin gonakin furen tulif da ke kewaye da lambun, jere-jere ja da rawaya, mai keke ne kawai ke iya tsayawa ya ƙare musu kallo.

Da farko ka zaɓi rana a tsakiyar Afrilu, ka sayi tikiti ta intanet tun kana gida, domin ana sayar da shi ne da rana da sa'ar shiga. Idan ka makara zuwa ƙarshen watan, kana iya tarar da manoma sun fille furannin gonaki, saboda kan da ke cikin ƙasa, wanda manomin albasa na Goronyo zai gane shi da gani, shi ne abin sayarwa.

Sannan ka shirya tufafi. Afrilun da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato, a can iska mai sanyi ce ke kaɗowa daga teku, ga yayyafi ba sallama, don haka rigar sanyi da rigar ruwa da safar hannu wajibi ne. Babbar riga ko dogon hijabi na iya shiga sarƙa, sai a tattare su.

Ka shiga jirgin ƙasa zuwa garin Leiden, ka ɗauki hayar keke, ka nufi Lisse, tafiyar kusan kilomita 15 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wanda bai saba da nisa ba zai iya isa lambun a bas, ya yi haya a bakin ƙofa, ya zaga gonakin. Kafin ka hau, ka daidaita sirdi, ka gwada ƙararrawa, sannan ka duba birki da kyau, domin kekunan Holand da yawa ba su da birkin hannu, sai an mayar da feda baya suke tsayawa. Ka gwada hakan a wuri marar cunkoso har ƙafarka ta saba.

A hanya ka bi titin kekuna, wanda galibi ja-ja ne, ka riƙe hannun dama kamar a gida, ka miƙa hannu kafin ka yi kwana. Mahaɗun hanyoyin suna da lambobi a kan alluna, saboda haka ka rubuta jerin lambobinka a takarda ka manna a kan hannun keke, tunda riƙe waya ana tuƙi laifi ne mai tara tun 2019. Kada ka shiga gonar kowa domin ɗaukar hoto. Takalmi na lalata shuka, yana kuma yaɗa cuta.

Ba a shiga lambun da keke. Ka ajiye shi a wurin da aka tanada, ka kulle, ka ɗauki hoton layin da yake, domin kekunan haya sun yi kama da juna. Ka tambayi mai hayar lokacin da yake rufewa tun da safe, ka bar sa'a biyu domin komawa, saboda iska na iya fuskantarka.